Gani Ya Kori Ji: Yadda Ake Ɗaukar Hoton Karkara



An nemi in yi bayani a kan ɗaukar hoto, musamman hoton karkara, wato gona da dutse da rafi da daji. Na san wani zai ce, to me ya haɗa mai fataucin goro ko dillalin shanu da wannan magana? Amsar tana cikin gidajenmu. Sabon Ibadan dai tun 1916 aka kafa shi, yau shekara fiye da 100 ke nan. Haka a Agege da Shagamu da Abekuta da Ama Hausa ta Owerri, akwai yaran da a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu. In ka tambayi yaro garinsu zai ce maka Bichi ko Illela ko Haɗeja, amma bai san kamannin wurin ba.

Mu kuma da muke zuwa gida lokacin Salla ko biki, wane irin hoto muke kawo musu? Mutane ne a jere a jikin bango, kowa ya ƙame. Bangon nan ba shi da bambanci da na Agege. Ba gonar kaka a ciki, ba kukar bakin kasuwa, ba rafin da uban yaron ya koyi iyo. Kuma abubuwan nan ba jiranmu suke yi ba. Rumbun ƙasa yana ba ɗakin kwano wuri, ana sare itatuwa, gonakin bakin gari suna komawa filotai. Marigayi J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya yi aikin hoto a Ibadan da Ikko, ya lura cewa salon kitson mata yana ɓacewa, sai ya shiga ɗaukarsa tun daga 1968 har ya tara hotuna wajen 1,000. Ya rasu a 2014, amma kitson yana nan a takarda. Irin wannan aiki nake so mu yi wa ƙasarmu ta haihuwa. Abu uku yake bukata: sanin haske, sanin tsari, da sanin saitin kyamara.

HASKE

Jama'a, kyamara ba dutse take ɗauka ba, hasken da ya sauka a kan dutsen take ɗauka. Saboda haka lokacin da ka fita ya fi tsadar kyamararka muhimmanci. Da tsakar rana, rana tana bisa kai, inuwa ta shige ƙarƙashin kowane abu, sai gona ta fito fayau kamar tabarma, ba tudu ba kwari. Amma da sassafe, ko da la'asar sakaliya, hasken yana zuwa ne daga gefe. A lokacin kowace kunya tana da inuwarta, kowane dami yana da tasa, kana ganin kaushin bawon kuka da zanen da magini ya yi a jikin rumbu.

Sai dai a kula da wani abu. Littattafan Turawa suna cewa wannan haske mai kyau yana kai awa guda ko fiye. A ƙasashensu ke nan. Mu muna kusa da tsakiyar duniya, Ikko tana wajen digiri 6 arewa, Kano digiri 12, don haka rana a miƙe take hawa, a miƙe take faɗuwa. Abin da muke samu bai cika wuce minti 30 zuwa 40 ba. Wanda ya tsaya sai ya karya kumallo, to ya tarar hantsi ya dubi ludayi. Da sanyin safiya ake kama fara. Ka je ka duba wurin tun jiya, ka san inda za ka tsaya, rana ta fito ta same ka a can.

Ina ya kamata ranar ta kasance? Galibi a kafaɗarka ta dama ko ta hagu. In tana bayanka, launi zai fito amma hoton ba zai yi zurfi ba. In tana gabanka, komai zai koma baƙi. Wani lokaci baƙin ake so, alal misali giginya ko goriba da almuru, bayanta sama ta yi ja. Wannan da gangan ake yinsa.

TSARI

Tsari shi ne shawarar abin da zai shiga hoto da abin da za a bari a waje. Kafin ka danna, ka tambayi kanka: hoton mene ne wannan? In ka ce hoton garinmu ne duka, to ba ka shirya ba. In ka ce hoton gawon da ke tsakiyar gonarmu ne, yanzu ka zo. Idon mutum yana tsallake tarkace, kyamara kuwa ba ta tsallake komai. Ledar da iska ta maƙale a ƙaya, wayar lantarki da ta ratsa sama, rabin babur a gefe, duk za ta kwaso. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ka bi kusurwa huɗun nan da ido, abin da ba ka so ka matsa ka fitar da shi.

Na biyu, ƙa'idar kashi uku. Ka ɗauka an ja layi biyu a tsaye da biyu a kwance, hoton ya rabu gida 9. Abin da ka zo ɗauka ka ajiye shi a ɗaya daga cikin mahaɗa huɗun da layukan suka yi, kada ka dasa shi a tsakiya. Wani mai zane Baturen Ingila, John Thomas Smith, shi ya fara rubuta sunan wannan ƙa'ida a 1797, a littafinsa kan zanen karkara, tun ba a ƙirƙiro kyamara ba. Inda ta fi amfani shi ne wurin da sama ta haɗu da ƙasa. In hadari ya haɗu da damina, sama ce labarin, sai ka ba ta kashi biyu, ƙasa kashi ɗaya. In sama fara ce fat ba komai, ka ba gona kashi biyu. Kuma layin nan ya zauna daidai. Tafkin da ya karkace a hoto sai ka ga kamar ruwan zai tsiyaye ta gefe. Ƙa'idar ba dole ba ce. Idan ruwa ya kwanta lif, itatuwa suka fito a cikinsa kamar madubi, ana iya raba hoton biyu daidai.

Na uku, a samu abu a kusa, abu a tsakiya, abu a nesa. Takarda shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da zurfi, sai ka ƙirƙira mata. Ka ce kana ɗaukar Dutsen Kufena na Zariya ko Dutsen Kwatarkwashi. In ka ɗauki dutsen shi kaɗai daga nesa, ɗan ƙullutu zai fito. Amma in ka durƙusa ka sa dammunan dawa a gaba, bukkoki a tsakiya, dutsen a can ƙarshe, mai kallo zai ji kamar takawa yake yi yana shiga.

Na huɗu, hanya. Ido yana son bin layi. Burtali, kunyoyi, danga, bakin rafi, layin dogo, duk suna jan ido. Ka tsaya inda hanyar za ta taso daga kusurwar ƙasa ta hoton ta nufi abin da kake so a gani. In ta nufi waje, ta fitar da mai kallo ke nan.

Na biyar, ma'auni. Dukanmu mun san Dutsen Zuma, wanda aka sa a jikin takardar Naira 100 a 1999. Wanda bai taɓa bin hanyar Abuja zuwa Kaduna ba, ba zai gane girmansa daga takardar ba. Amma in akwai mota ko mutum ko saniya a gindinsa, nan take zai gane. Mutum ɗaya ɗan ƙarami a cikin fili mai faɗi ba ya ɓata hoton karkara, gyara shi yake yi. In tafiya yake, a bar masa fili a gabansa.

Abu na ƙarshe a nan: ƙafa. Yawancinmu inda muka sauka daga mota nan muke ɗauka, a tsaye. Ka taka, ka hau tudu, ka tsuguna, ka zagaya. Taku 10 zuwa hagu yana iya raba itace da dutsen da ya rufe.

SAITIN KYAMARA

To, yanzu mu zo inda mutane suke tsoro, wato lambobi. Ku tuna mai ban ruwa a fadama. Abu uku ne ke sa fangali ya cika daidai: faɗin bakin da ya buɗe wa ruwa, tsawon lokacin da ya bar shi a buɗe, da girman fangalin. Haka kyamara take da haske. In ya yi yawa hoto ya ƙone ya yi fari, in ya yi kaɗan ya yi duhu.

Faɗin baki shi ne ƙofar haske da ke cikin gilashin kyamara. Ana rubuta ta da harafin f: 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22. A nan ne ake ruɗewa, domin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, babbar lamba kuma ƙaramar ƙofa. Daga kowace lamba zuwa ta gaba, hasken ya ragu da rabi. Babbar ƙofa, kamar f/2.8, abu ɗaya take fitarwa tangaran, bayansa ya dushe. Wannan na hoton amarya ne. A hoton karkara muna son dami na kusa da dutse na nesa duk su fito, don haka f/8 ko f/11 ne gidanmu, wani lokaci f/16. Kada a ce to bari a kai f/22 don ya fi kyau. In ƙofa ta tsuke da yawa haske yana watsewa a bakinta, sai hoton duka ya yi laushi.

Tsawon lokaci shi ne abin da masu hoto ke kira shota, wato ƙiftawar kyamara. In ka ga 1/125, ana nufin kashi ɗaya cikin 125 na sakan. Hoton kyamara mafi daɗewa da ya rage a duniya, wanda Niepce ya ɗauka ta tagar gidansa a Faransa wajen 1827, sai da ya sha haske aƙalla awa 8. Yau ƙiftawa ɗaya ce, amma rawar hannu tana nan. Ƙa'idar ita ce, in a hannu kake riƙe da kyamara, lambar shota kada ta gaza tsawon gilashinka. Gilashi mai milimita 50, kada ka sauka ƙasa da 1/60. Mai milimita 200, kada ka sauka ƙasa da 1/250. In iska tana kaɗa gero ko shanu suna tafiya, ka hau 1/250 ko 1/500.

Girman fangali shi ne ISO. Dattawan da suka yi zamanin fim za su tuna ASA 100 da 200 da 400 a jikin kwali, to shi ne. Babbar lamba kamar ƙaramin fangali ce, haske kaɗan ya ishe ta, amma hoton yana fitowa da tsaki-tsaki. Da rana ka zauna a 100 ko 200. In gari ya fara duhu kuma ba ka da abin ɗora kyamara, ka hau 400 ko 800. Hoto mai tsaki ya fi hoto mai rawa.

Ga lissafin da tsofaffin masu hoto suka haddace. Rana tsaka, gari garau, ISO 100: f/16 da 1/125. In ka buɗe zuwa f/11 sai ka kai shota 1/250, in f/8 ne 1/500, duk haske ɗaya ne. In ka bar shota a 1/125, rana mai ɗan hazo tana son f/11, gajimare f/8, hadari mai duhu f/5.6. Wanda ba ya son lissafi, ya juya maɓallin saman kyamara zuwa A, a Canon kuma Av. Kai ka zaɓi f/11, ita ta zaɓi shota, kai dai ka sa ido kada ta sauka da yawa.

Saura ina za a sa fokas, wato inda kyamara za ta tsayar da ido. Kada ka sa shi a kan dutsen nesa, na kusa zai dushe. Ka sa shi wajen kashi ɗaya cikin uku na zurfin filin. A babbar kyamara mai girman fim na 35, gilashi mai milimita 24 a kan f/11, in ka sa fokas a mita 2, komai daga mita 1 har iyakar gani zai fito. In mai milimita 50 ne, sai ka kai fokas wajen mita 8.

Da asuba ko almuru dole shota ta yi jinkiri, don haka kyamara tana son mazauni. In akwai ƙarfen nan mai ƙafa uku, madalla. In babu, ka zuba mudu ɗaya na gero a 'yar jaka, ka ɗora a kan dutse ko rufin mota, ka zaunar da kyamara a kai. Sa'an nan ka sa ta jira sakan 2 kafin ta ɗauka, don kada dannawar yatsa ta girgiza ta. Da wannan dabara ake ɗaukar ruwa mai gangarowa irin na Gurara ko Matsirga ko Erin Ijesha. A 1/500 ruwan zai tsaya ɗigo-ɗigo. A 1/4 zai fito kamar an shimfiɗa farin alawayyo, sai dai wannan yana yiwuwa ne in haske ya yi ƙasa.

MASU WAYA

Na ga wasu suna cewa mu ai waya gare mu. Duk abin da na faɗa kan haske da tsari naku ne. A yawancin wayoyi ƙofar haske ba ta canjawa, amma ba damuwa, domin waya da kanta tana fitar da kusa da nesa. Ga abin da za ku yi. Ku shiga saitin kyamara ku kunna layukan nan masu raba fuska gida 9. Ku goge gilashin da tsumma mai laushi, domin maiƙon yatsa shi ne rabin hazon da kuke gani. Ku riƙe wayar a kwance da hannu biyu. Ku taɓa inda kuke son fokas, sa'an nan ku ja 'yar alamar rana sama ko ƙasa har sama ta daina ƙonewa. In sama tana da haske ƙasa kuma da duhu, ku kunna HDR. Kada ku jawo abu da yatsa biyu, wannan yanka hoton kawai yake yi ya buɗa shi. Ku taka ku matsa. Wayoyi da yawa, irin su Tecno da Infinix da Samsung, suna da wurin da aka rubuta Pro, inda za ku sa ISO da shota da hannunku. In za ku aika ta WhatsApp kuma, ku aika a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton, ranar da aka zo wankewa a ga ya farfashe.

HUNTURU DA DAMINA

Yawancinmu da kaka ko hunturu muke samun zuwa gida, lokacin hazo. Ƙurar nan mafi yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi iska ke ɗebo ta. Tana cinye launi da nesa, kuma tana ruɗin kyamara. Kyamara in ta ga fari da yawa sai ta rage haske, hoton ya fito toka-toka. Maganinsa ka nemi maɓalli mai alamar +/- ka ƙara zuwa +1. Ka kuma matso kusa da abin da kake ɗauka, ka bar hazon ya share maka tarkacen baya. Tuddai a jere cikin hazo, kowane ya fi na gabansa dushewa, hoto ne da ba a samunsa da damina. Gawo ma a lokacin yake da ganye, domin shi da damina yake kaɗewa. Amma kada a cire gilashin kyamara a fili ana iska, ƙura za ta shiga ta zauna, kowane hoto ya fito da ɗigo.

Wani abu kuma, in kana ɗaukar faɗuwar rana ka ga jan ya gudu, kyamara ce take gyara launi da kanta. Ka shiga inda aka rubuta WB ka zaɓi alamar rana ko ta gajimare, jan zai dawo.

A nan Kudu matsalar daban ce. Kurmi ne, kore a kan kore. Ranar gajimare ta fi rana mai zafi kyau a gonar goro ko koko, domin rana in ta ratsa ganye dabbare-dabbare take yi. Akwai wani gilashi mai duhu da ake ɗaurawa a gaba ana juyawa, mai kashe ƙyalli, yana sa jiƙaƙƙen ganye ya fito kore shar. Ya fi aiki in rana tana gefe, kuma yana cin haske, sai a lura da shota. Wanda yake son gwaji kafin tafiya gida, ga Dutsen Olumo a Abekuta, ga tuddan Idanre a Jihar Ondo.

LADABI DA TSARO

Iyayena, wannan ya fi duk lambobin da na lissafa. Gona tana da mai ita, garke yana da mai shi. A yi sallama, a nemi izini, in ƙauyen ba naka ba ne a fara da mai unguwa. Kada a ɗauki mata a bakin rijiya ko rafi ba da yardarsu ba. Kada a nuna kyamara ga shingen jami'an tsaro ko bariki. Inda ba zaman lafiya kada a fita daji da asuba don hoto, a tambayi mutanen gari tukuna, a tafi da ɗan gari. Waya kuma tana iya liƙa wa hoto adireshin inda aka ɗauke shi, don haka a kashe wannan kafin a watsa hoton gida ko garke a Facebook. Ba hoton da ya kai rai.

Daga ƙarshe ga roƙona. Duk wanda zai je gida bana, ya kawo mana hoto 3: gonar gidansu, itace ko dutsen da aka san garin da shi, da wurin da ake ɗibar ruwa. A wanke su a takarda, kada a bar su a waya, domin waya tana faɗuwa, tana ɓata. A bayan kowane a rubuta sunan wurin da shekara da lokacin, kaka ne ko bazara. Baɗi in Allah ya kai mu, a koma daidai inda aka tsaya a sake ɗauka. Bayan shekara 10 duk wanda ya jera su zai ga abin da ya tafi da abin da ya rage. Sa'an nan a zaunar da yara a nuna musu, a gaya musu sunan kowane itace da na wanda ya shuka shi.

 Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.